Amfilifaya Na Ɗaukewa Idan Bas Ya Buga: A Ina Wutar Take Zurarewa?

Tambaya: Ina da Honda Accord ta 2004. Na sa amfilifaya a but, an rubuta wat 3000 a jikinta, tana ɗauke da wufa (manyan sifiku masu fitar da sauti mai kauri) biyu masu inci 12. Wayar wutar geji 4 ce a ma'aunin kaurin waya, haka aka rubuta a ledarta. Da na ƙara murya bas, wato sautin kiɗan nan mai kauri, ya buga, sai fitilun mota su lumshe, amfilifayar ta kunna jar fitila ta ɗauke, sai an jima ta dawo. Mai rewaya ya auna a gabana, ya samu bolt 14 a kan batir, 14 kuma a bakin amfilifaya. Ya ce waya lafiyarta ƙalau, in sayi kafasita ('yar ma'ajiyar wuta ta ɗan lokaci) ko in ƙara batir na biyu. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko ɗaya. Awon da aka yi a gabanka gaskiya ne, sai dai bai gaya maka komai ba, don ina da yaƙinin kiɗa a kashe yake lokacin da aka ɗora mitar awon wuta, ko yana can ƙasa-ƙasa. Waya ba ta cin wuta sai an ɗora mata kaya. Ka tuna gidan da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma. Ƙarfe uku na dare, kowa ya kashe kayansa, ƙwan gidan tar yake. Da magariba kuwa, an kunna firji da hita da dutsen guga a ko'ina, sai ƙwan ya koma ja kamar garwashi. Wayar nan dai ita ce, nauyin da ke kanta ne ya bambanta. Amfilifayarka ita ce gidan ƙarshen layi, kuma da ƙarfe ukun dare aka je aka duba ta.

Lissafin da ke bayan wannan ɗaya ne tak, ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya yawan wutar da ke gudana, om kuma turjiyar da hanya ke yi mata. Bolt ɗin da ya ɓata a hanya daidai yake da amfiya sau om. To ɗauki wani mahaɗi da ya ɗan yi tsatsa, turjiyarsa om 0.01 kacal. Amfilifaya tana kunne ba kiɗa, tana jan amfiya 1, abin da zai ɓata a wurin bolt 0.01 ne, ba wanda zai lura. Bas ya buga ta nemi amfiya 100, sai wurin nan guda ya haɗiye bolt 1 cur, ya kuma mai da shi zafi na wat 100. Wat 100 a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba, ya fi ƙarfen like dalma da muke aiki da shi zafi. A gidan da ake amfani da bolt 230, asarar bolt 1 ba a ko maganarta. A mota duk jarin naka bolt 14 ne, kuma amfilifayoyi da yawa suna kare kansu su ɗauke idan abin da ke isa gare su ya gangaro wajen 10 ko 10.5.

Shi ya sa ba na yarda da gwajin nan na juya mita zuwa om a ji ta yi ƙara. Wayoyin mitar su kansu turjiyarsu takan kai om 0.2 ko fiye, wato ninki ashirin na laifin da muke nema. Ko silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, mita za ta yi ƙararta ta ce komai daidai.

Kafin awo, mu san nauyin da muke magana a kai. Wat 3000 ɗin da ke jikin amfilifayar ado ne na talla, bar shi inda ka gan shi. Duba fiyus ɗin da ke gefenta ka tara lambobinsu. A ce guda uku ne masu amfiya 30, jimla 90. Amfiya 90 sau bolt 13.8 ya ba ka wat 1,240 da 'yan kai da take iya ja. Amfilifayoyi aji-aji ne wajen ƙira. Irin amfilifayar wufa ta ajin D takan mai da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ta ja zuwa sauti, ka ga gaskiyar ƙarfinta wajen wat 1,000 ke nan. Da ajin AB ce, da kusan rabi zai tafi a zafi. Kiɗa ba ya jan amfiya 90 ɗin nan a kowane lokaci, bugu ne da sassauci, amma a kan bugun ake gina waya. Zan ci gaba da lissafi da 90. Idan naka fiyus ɗin sun bambanta sai ka canja lambar.

Akwai wani abu a cikin tambayarka da nake so ka raba gida biyu. Ka ce amfilifaya na ɗaukewa, ka kuma ce fitilu na lumshewa, kamar ciwo ɗaya ne. Fitilun mota ba sa shan wuta ta wayar amfilifaya. Duk lalacewar wayar da ta tafi but, ita kaɗai ba za ta sa fitila ta lumshe ba. Idan fitila ta lumshe, to wutar ta faɗi tun daga tushe, a wajen batir da altaneta, ko a gajeriyar wayar nan da ta haɗa baƙin kan batir da bodin mota, wadda duk kayan wutar motar suke tarayya a kanta. Ƙwan fitila irin na halojin kuma yana da saurin nuna fushi, idan bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 30. Don haka mai yiwuwa ɓarayi biyu ne a gidan, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma kama ɗaya ba zai hana ɗayan aiki ba.

Ga abin da za ka tanada: mita mai nuna lamba, ko mai araha ce, da siririyar waya mai tsawon mita 5 ko 6 da za ka ƙara wa ƙafar mitar don ta kai daga bonet zuwa but. Sirantarta ba damuwa, mita ba ta jan wuta. Sai mutum ɗaya da zai zauna a gaba yana juya murya. Sauke sautin gwaji na haz 50 a wayarka, wannan gurnanin da ba ya hawa ba ya sauka, don da kiɗa lambobin mita tsalle za su riƙa yi ka kasa karantawa. Kada a bar sautin ya wuce daƙiƙa biyar zuwa goma a kowane karo, yana dafa kwayil ɗin wufa. A ƙara murya zuwa dab da inda take ɗaukewa, a tsaya nan. Mita a kan bolt na DC. Cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu kusa da batir, na ga yadda zoben azurfa ya bar tabo a yatsan mutum, ba kyan gani.

Injin yana silo, sautin na tafiya, sai ka ɗauki awo biyu. Na farko a kan batir, kuma a kan dalmar kan batir ɗin ita kanta za ka dafa, ba a kan maƙalin da aka ɗaure ba. Na biyu a bakin amfilifaya, a kan sukurorinta biyu na shigar wuta. Idan batir ya tsaya a 13.8 amfilifaya tana ganin 11.9, hanya ce ke ci, bolt 1.9 ya zube tsakanin bonet da but. Idan batir ya faɗo 12.3 amfilifaya tana ganin 12.0, hanya ba ta da laifi, tushe ne ya gaza. Idan kuwa batir 12.5 ne amfilifaya 10.8, irin abin da nake zato a motarka, to duka biyun ne. Ni dai ma'aunina, bambancin da ke tsakanin awon biyu kada ya wuce bolt 0.5. Ya kai 1, akwai gyara.

A ce hanya ce. Yanzu sai dabarar da yawancin masu gyara ba sa yi, alhali ita ce aikin gaba ɗaya. Maimakon ka riƙa aunawa tsakanin ja da baƙi kana ɗebe wannan daga wancan, ɗora ƙafafun mitar biyu a kan layi ɗaya, ɗaya a farkonsa ɗaya a ƙarshensa. Ƙafa ɗaya a jan kan batir, ɗayar a sukurun jar waya na amfilifaya. Lambar da ta fito ita ce asarar ɓangaren ja gaba ɗayansa, kai tsaye. Sai ka maimaita tsakanin baƙin kan batir da sukurun baƙar waya na amfilifaya, wannan ita ce asarar hanyar dawowa. Ɓangaren da ya fi ci shi za ka bi gaɓa-gaɓa: daga dalmar kan batir zuwa maƙali, daga maƙali zuwa zoben waya, daga bakin gidan fiyus zuwa bayansa, daga nan zuwa but, daga mararrabar wayoyi in akwai zuwa amfilifaya. Mahaɗi mai lafiya bai kamata ya nuna ko bolt 0.1 ba. Inda lamba ta yi tsalle, nan ɓarawon yake kwance. Ko ba mita ma hannu yana taimakawa. Bayan minti goma na kiɗa mai ƙarfi, bi layin kana taɓawa a hankali, duk inda ka ji ɗumi ya fi na maƙwabtansa, can wutarka take ƙonewa.

Gidan fiyus shi ne wanda na fi kamawa. An taɓa kawo mini wata mota mai irin ƙorafinka sak, mai ita har ya canja batir sau biyu. Gidan fiyus ɗinta irin dogon nan ne mai kama da kwalba, fiyus ɗin gilashi a ciki. Daga waje sumul, har da ruwan zinare. Na ɗora mita a bakinsa biyu, bas na bugawa sai ga bolt 0.9. Da na murɗe shi na buɗe, sai wari ya fara fitowa, robar ciki ta yi ruwan ƙasa ta lanƙwashe, hular fiyus ɗin ta yi baƙi a gefe guda, ɗan ƙarfen da ke danne ta ya saki don zafi ya kashe masa ƙarfi. Fiyus ɗin kuma bai tsinke ba, shi ya sa duk wanda ya duba ya ce lafiya lau. Abin yana ciyar da kansa ne, sakin yana kawo zafi, zafin yana ƙara sakin. Na sa masa irin faffaɗan nan da ake kira ANL, wanda ake ɗaure shi da noti biyu, asarar wurin ta koma ƙasa da 0.1. Kuma ka sani, wannan fiyus ɗin waya yake karewa, ba amfilifaya ba. Wurinsa kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, don duk tsawon da ke gabansa a buɗe yake, in ya goge ya taɓa bodi gobara ce. Wanda ya cire fiyus ya naɗa waya a madadinsa don wai wuta ta fi tafiya, motarsa yake sa wa ashana.

Sai ita wayar, kuma nan zan ɗan daɗe, don kalmar "haka aka rubuta a ledarta" ta tsaya mini a rai. Geji 4 na gaskiya faɗin ƙarfen cikinsa murabba'in milimita 21 ne. Geji 8 kuwa 8.4, geji sifili 53. Lissafin jan ƙarfe mai sauƙi ne: 0.0175 sau tsawon waya a mita, a raba da faɗin, abin da ya fito a ninka da amfiya. Daga bonet ɗin Accord zuwa but, a ce mita 5. Geji 4 na jan ƙarfe zalla a amfiya 90 zai zubar da wajen bolt 0.37. Geji sifili 0.15. Geji 8 kuwa 0.94.

Matsalar ita ce yawancin wayoyin da ke zuwa a leda da araha ba jan ƙarfe ba ne. Alminiyam ne aka yi wa siririn rufi na jan ƙarfe, ana rubuta CCA a jikinsu in mai yin su ya ga dama. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta sai kamar kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka. Ko da cikakkiyar geji 4 ce, asarar ta tashi daga 0.37 zuwa kusan 0.6. Sannan a zo ga ha'inci na biyu: roba mai kauri, ciki ɗan kaɗan. Ka riƙe waya kamar rake, ka yanke ta ka tarar da abin da bai fi geji 8 ba a tsakiya. Alminiyam mai kaurin geji 8, mita 5, amfiya 90, ya kai bolt 1.4, zafin da yake saki a ƙarƙashin kafet ɗinka ya doshi wat 130. Ƙara da zafin gari. Turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, lambobin da na ba ka kuma na digiri 20 ne. Gaɓar da ke cikin bonet, a rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ga go-silo, idan ta kai digiri 80 turjiyarta ta ƙaru da fiye da kashi 20.

Gane ta ba wuya. Yanki ɗan guntu ka kalli bakin yankan a rana, jan ƙarfe ja ne har ciki, mai rufi kuwa za ka ga fari-fari yana ƙyalli a tsakiyar kowane sili. Ko ka kankare sili ɗaya da reza. Ko ka kunna masa laita: silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, na alminiyam zai yanƙwane ya langaɓe nan take. Nauyi ma yana tona asiri. Mita 5 na geji 4 na jan ƙarfe, ƙarfen kaɗai ba a sa roba ba, ya kusa kilo ɗaya. Na alminiyam bai kai rabin haka ba. Idan ka fere robar, damin silin geji 4 ya kamata ya kai kaurin milimita 6 ko kusa. In ba ka samu wayar kiɗa ta gaskiya ba, je wajen masu kayan walda ka sayi kebul ɗinsu mai murabba'in milimita 25, bayan ka yi masa wannan gwajin shi ma. Yana da laushi, yana jure zafi, ba shi da kyan launi ne kawai. Inda zai ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a sa masa zoben roba.

Yadda aka kama bakin wayar ma abin dubawa ne. Zoben da aka daddaka da guduma a kan dutse, ko aka matse da filaya, rabin silin ne kawai ke taɓawa. Mafi muni shi ne a rage sili don waya ta shiga ramin sukuru. A matse zobe da matsi na gaske, ka ja da ƙarfinka, in ya motsa a sake.

Mu koma hanyar dawowa. Wuta zagaye take yi, duk amfiya 90 ɗin da ta tafi ta jar waya sai ta dawo batir, kuma ta bodin mota take dawowa. Mutum zai kashe kuɗi a jar waya mai kauri, ya zo kan wayar bodi, wadda 'yan rewaya ke ce wa at, ya ɗauko ragowar siririya ya ɗaure a duk notin da ya fi kusa. Kaurinta dole ya zama daidai da na jar, tsawonta kuma gwargwadon gajarta, rabin mita ya isa. Wuraren da na saba tarar da ita, kuma duk ba su da kyau: ƙarƙashin notin bel ɗin kujera wanda zarensa ke da fenti da gam, jikin ƙarfen kujerar baya, siririn falle na bayan kujera da aka huda da sukuru mai cin kansa, har da maƙalin murfin but. Bodin motar zamani falle-falle ne da aka haɗa da ɗigon walda da gam, wani fallen haɗinsa da sauran bai taka kara ya karya ba. Motar da ta taɓa yin hatsari mai gyaran bodi ya cika ta da foti, nata ya fi haka.

Nemi ƙasan but mai kauri, kusa da inda ƙashin motar ya bi. Leƙa ƙasa tukuna ka tabbatar ba tankin mai, ba bututun birki, ba wayoyi a bayan wurin. Goge fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari fes, faɗin da ya ɗan fi zoben. Ɗaure da noti da washa ta ciki da waje, a matse sosai, sannan a shafa giris ko fenti a sama don tsatsa. Sake awo tsakanin baƙin kan batir da amfilifaya. Ƙasa da bolt 0.2 nake nema. Idan ka gyara nan lambar ta ƙi sauka, je gaba ka auna tsakanin baƙin kan batir da bodi. Wayar da kamfani ya sa a nan an yi ta ne daidai kayan da motar ta zo da su, ba a yi lissafin ƙarin amfiya 90 ba, ga shekara ashirin na tsatsa da wannan farin garin da ke taruwa a kan batir. Wannan ita ce gaɓar da na ce fitilu da amfilifaya suna tarayya a kanta, kuma sau da yawa gyaranta kaɗai ke rage lumshewar.

Yanzu tushe. Batir lafiyayye da ya kwana ba a tayar da mota ba zai nuna wajen 12.6. Idan 12.2 ne, rabinsa ya tafi. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji na aiki, altaneta takan riƙe tsakanin 13.8 da 14.4. Abin lura shi ne, muddin inji na tafiya altaneta ce ke ciyar da komai, batir ba ya sa hannu sai wuta ta gangaro ƙasa da 13. Altanetar ƙananan motoci yawanci tsakanin amfiya 70 da 110 take, kuma wannan lambar sai inji ya ɗauki gudu. A silo ba ta ba da ita, in ta yi zafi ma ta ƙara raguwa. Cire rabon inji, famfon mai, fankar lagireto, esi da fitilu, ka ga abin da ya rage wa amfilifayar da ke neman 90. Gwada ka gani: maimaita awon kan batir a silo, sannan a taka totur zuwa 2,000. Idan wuta ta farfaɗo ta koma 14, altaneta na da rai, silo ne ya yi mata kaɗan. Idan ba ta farfaɗo ba, duba fanbel ko yana sulɓi, sannan a gwada altanetar kanta, don ɗaya daga cikin dayod ɗinta, ƙananan kayan da ke tace wutar da take fitarwa, in ya mutu tana ci gaba da caji amma ƙarfinta ya karye. Auna kuma tsakanin notin fitar wutarta da jan kan batir, da tsakanin jikinta da baƙin kan batir. Kowanne ya wuce 0.2 ko 0.3, sai a ƙara kauri a wayoyi uku: altaneta zuwa jan kan batir, baƙin kan batir zuwa bodi, inji zuwa bodi. Ƙari ake yi a kan na kamfani, ba a cire su, kuma ta altanetar a sa mata fiyus. Wannan ba ya ƙara wa altaneta ƙarfi ko na amfiya ɗaya, yana dai hana abin da ta samar zubewa.

Motarka tana da wata ɗabi'a da ke ruɗa masu gyara. Honda na wannan zamanin suna da ɗan na'ura a cikin akwatin fiyus na bonet, ana kiran ta ELD, aikinta ta gaya wa kwamfutar mota yawan wutar da ake ja. Idan ta ga kaya kaɗan ne, kwamfuta takan sassauta wa altaneta ta sauko wajen bolt 12 da rabi don a rage shan mai. Ita kuwa amfilifaya kai tsaye daga kan batir aka ɗauko mata wuta, ba ta bi ta cikin akwatin ba, don haka na'urar ba ta san da ita ba. Sai ka ga 12.6 kana tafiya, ka ce altaneta ta mutu. Kunna manyan fitilu ko fankar esi ka kalli mita. In ta haura 14 nan da nan, altanetarka lafiya take, umarni take bi. Na san wanda ya sayi altaneta a kan wannan, sabuwar ta zo ta ci gaba da yin abin da tsohuwar ke yi.

To kafasitar fa? Yi lissafin da kanka. Kafasita mai farad 1 (farad ne ma'aunin cikinta), idan wuta ta sauka da bolt 1, abin da za ta bayar daidai yake da amfiya 1 na daƙiƙa ɗaya. Amfilifaya mai jan amfiya 100 za ta shanye wannan a kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Bugun ganga guda mai kaifi tana iya ɗan tausasa shi, amma dogon bas mai jan daƙiƙa biyu ko uku, ta riga ta zama fanko tun a farkonsa, daga nan ita ma layi za ta shiga tana jiran a cika ta ta wannan wayar da ta gaza. Ga sababbin mahaɗai da ka ƙara, kowanne wurin asara. Batir na biyu ya fi ta amfani, musamman ga mai son jin kiɗa inji a kashe, amma shi ma ba ya ƙera wuta, ajiya yake yi, kuma altanetar da ta kasa ciyar da baki ɗaya ka ƙara mata na biyu. Idan awo ya nuna tushe ne ya gaza bayan an gyara wayoyi kuma batir lafiyayye ne, maganin altaneta ce mai ƙarfi, ko ka rage buri.

Idan ka gama duk wannan, bakin amfilifaya yana riƙe da 13 da wani abu a tsakiyar bugu amma jar fitila ba ta daina ba, to ba wuta ba ce. Duba yadda aka haɗa wufa biyun, wataƙila an sauko da su ƙasa da om ɗin da amfilifayar ke iya ɗauka. Duba madannin gen, wanda ke daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa amfilifaya daga rediyo, mutane suna murɗe shi har ƙarshe suna zaton murya ce. Duba kuma ko an kife ta ƙarƙashin kafet inda iska ba ta kai mata.

Duk lokacin da za ka kwance wani abu, baƙin kan batir ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Gyara abu ɗaya, ka sake awo, ka rubuta lambar a takarda kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Bayan sati biyu kuma ka koma da sifana da sukundireba ka sake bin kowane sukuru na amfilifaya da notin gidan fiyus, don silin waya yakan kwanta bayan ɗaurin farko, sukurun da ka bari a matse sai ka tarar yana karɓar rabin juyi.